Matattun da Suka Sauke Ladanin Gyaɗi-Gyaɗi

Duk wanda ya tashi a layinsu Safara'u a Gyaɗi-Gyaɗi ya san halinta guda ɗaya: ba ta mantuwa. Tana 'yar aji uku a firamare wata ƙawarta ta ɓoye mata takalmi ranar rabon sakamako, ta tako ƙasa da zafin rana har gida. Ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba. Sai da aka shekara goma sha ɗaya, ranar kamun yarinyar nan, ana tsaka da guɗa, Safara'u ta matsa kusa da amarya ta raɗa mata, "Ina takalmina?" Amarya ta ma manta an yi. Innar su Safara'u, Allah ya ji ƙanta, takan ce da za a tsaga cikin yarinyar nan, abin da za a tarar sai an nemo baro. Mahaifinta kuwa, Malam Baballe tela, dariya kawai yake yi ya ce, "Ku bar min Uwata, kowa da halittarsa." Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba.

Malam Baballe yana da ɗan shago a bakin titi, da keken ɗinki na ƙafa wanda ya girmi duk 'ya'yansa. Amma ba da ɗinki aka san shi ba. Shekara ashirin da bakwai yana kiran salla a masallacin layin, ba albashi, ba fashi. Muryarsa ba irin wadda ake sawa a waya ana saurare ba ce, tana da ɗan kaushi, sai dai ba ta taɓa latti ba. Matan layin da kiransa suke ɗora tukunya. Ko rigar ango ce a kan keke, lokaci na yi zai bar hannun riga a rabi, ya zaro mukullin akwatin lasifika daga aljihu ya tsallaka titi.

Ita Safara'u aikin jarida ta karanta. Ta yi shekara biyu a wani gidan rediyo tana karanta saƙonnin masu sauraro, har ranar da aka ce mata duk saƙon da ya taɓa mai ba su talla ta tsallake shi. Ta tsallake na wata uku tana cizon yatsa. Rannan ta karanta guda huɗu a jere, kai tsaye, ta ɗauki jakarta ta fito ba ta jira a kore ta ba. Daga nan ta koma koyarwa a wata ƙaramar makarantar difloma a Tarauni, saman wasu shagunan tayil, ita da mijinta da 'ya'yansu biyu suna zaune a Daurawa.

Ɗalibai suna tsoronta, suna kuma rububin ajinta. Takan shigo da jarida biyu da suka ba da labari ɗaya, ta manna su a allo ta ce, "To, ku nemo min wanda aka ba baki, ku nemo min wanda aka hana." Takan sa bidiyon waƙa ta kashe sautin, ta ce duk inda hoto ya sauya a tafa. Aji ya yi ta tafi kamar gidan biki, sannan ta ce, "Kowane tafin nan, wani ne ya sa almakashi, kuma da nufi ya sa." In aka zo kan talla kuwa, ba ta da tausayi. Har tallan man da ita kanta take shafawa sai ta fede shi har wutsiya. Ashe duk wannan karatun da take ba 'ya'yan mutane, a kan ubanta za a zo a yi mata shi a aikace.

Wata Talata da hantsi wasu samari suka sauko daga mota da kyamarori, suka yi sallama a bakin shagon. Babbansu ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, don Allah mu ɗan fake a inuwar rumfarka, aiki za mu yi a layin nan." Malam Baballe bai tambayi wane aiki ba. Wa yake tambayar baƙo sana'arsa kafin ya ba shi wurin zama? Ya ce bismillah, ya tura musu benci, ya miƙa musu ruwa, ya koma kan kekensa. Wanda ya san keken ƙafa ya san yadda yake: ƙafa na takawa, kai na ɗan gyaɗawa, kafaɗa na bi. Ɗaya daga cikinsu ya juyo da kyamara kansa, tsoho ya zaci gwaji yake yi. Suka ba shi robar lemo, ya ɗaga ta sama wajen haske don ya karanta rubutun jikinta, saboda ido ya fara rauni. Maƙwabcinsa mai faci ya yi wani barkwanci, tsoho ya yi dariya. Azahar ta yi ya tafi kiran salla. 'Yan matan rawa ba su iso ba sai bayan tafiyarsa, ko inuwarsu bai gani ba.

Bayan mako uku bidiyo ya fito, waƙar tallan lemon nan ce. Ga 'yan mata suna karairaya a tsakiyar layi, sai hoto ya yanke, ga dattijo da farin gemu yana gyaɗa kai daidai da kiɗa. A koma kan 'yan mata, a dawo kansa yana ɗaga roba sama yana dariya. Daƙiƙa tara ce duka.

Gari ya ɗauki zafi a kan rawar, har an fara cewa a daina shan lemon. A nan ne Junaid ya shigo. Wani mai jarida ne a intanet, ofishinsa ɗaki guda a Tarauni. Sunan jaridar ba sai an faɗa ba, kada a yi mata talla kyauta. Wata da watanni tallan lemon nan ne shimfiɗe a saman shafinsa, don haka da ya ga wuta ta nufi mai ba shi abinci, sai ya nemo mata wani busasshen ƙirare. Ya buga da manyan baƙaƙe: "Ladani ya cashe a bidiyon waƙa, jama'a sun ce a sauke shi." Sunan kamfanin bai fito ko sau ɗaya ba. Can ƙasa ya sa wani sashe, wai ra'ayin mazauna unguwa: mutum biyar, kowa da sunansa, kowa yana cewa wannan abin kunya ne, a raba tsohon nan da lasifikar masallaci.

Kwana biyu tsakani, bayan sallar la'asar, Alhaji Mu'awiya ya ja Malam Baballe gefe. Ɗan kasuwa ne, shi ne shugaban kwamitin masallacin, shi ya sa sola, shi ya sayi lasifikar.

"Malam, ka ɗan huta," in ji shi. "Jama'a sun yi magana, har jarida ta buga. Dattawa biyar fa. Yaron nan Nura zai riƙe kiran salla kafin ƙura ta lafa."

Malam Baballe ya ce, "To." Ya zaro mukulli ya miƙa. Ko a karanta masa labarin bai yarda ba.

Bai daina salla a masallacin ba, sai dai ya koma sahun baya. 'Yan adaidaita sahu in sun zo daidai shagonsa sai su ƙure waƙar su rage gudu. Wasu marasa kunya har ɗaga murya suke yi, "Baba, a ɗan taka mana!" Wannan duk bai dami Safara'u ba kamar abin da ta gani wata Asabar da ta kai masa abinci. Suna cikin hira azahar ta yi. Ƙafarsa ta tsaya cak a kan keke, hannunsa ya tafi aljihu, ya miƙe rabi. Sai muryar Nura ta tashi daga tsallaken titi. Tsoho ya koma ya zauna a hankali, ya yi kamar zare yake nema.

Safara'u ta dube shi. Ta ce, "Baba, wallahi tallahi sai na..."

"Uwata, a bar wa Allah."

Ta ce to a baki. A zuci kuwa ta riga ta ɗaura ɗamara. Abu biyu take so: Baba ya koma kan lasifikarsa, Junaid kuma ta ga fuskarsa a ƙasa, a gaban mutane, yadda ya yi wa ubanta. Da za a matsa mata ta faɗi wanne ne a gaba, da ta yi ƙarya.

A makaranta da Malama Safara'u Isma'il aka san ta, ba wanda ya haɗa ta da wani Baballe. Ta shiga ajin 'yan shekarar ƙarshe, su goma sha huɗu, ta ce ga aikinsu na kammalawa: wannan bidiyo da wannan labari. Ba a yi kwana uku ba suka gano na farko. A hotunan tsoho inuwar rumfa tana kwance a gefe guda, a hotunan 'yan mata ta koma ɗaya gefen. Shi da hantsi aka ɗauke shi, su da yamma. Safara'u ta ce madalla, amma inuwa ba ta kunyata mutum. Ta ce a nemo mata mutum biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, a tambaye su ko sun faɗi abin da aka ce sun faɗa. Ta zaɓi Joy Bulus da Nafisa, saboda mace ce take iya sallama ta shige har cikin gida.

Uku na ƙarshe ba su yi wuyar samu ba. Ɗaya shekararsa biyu a Legas, ta waya ya musanta. Ɗaya ya ce, "Ni? Jarida? Ban ma san an yi ba." Na ukun har Alƙur'ani ya so ya ɗauko. Saura biyu na sama, Alhaji Sulaiman Mai Kwano da Malam Ƙasimu Unguwar Gano. Suka yi ta tambaya samari suna ɗaga kafaɗa, sai wani tsoho mai kayan miya ya dube su sheƙeƙe ya nuna musu wani gida mai baƙin get. Suka shiga, suka tarar da wata tsohuwa, Hajiya Babba, a kan darduma da carbi, jikarta na tsince mata shinkafa.

Suka durƙusa suka gaishe ta. Nafisa ta ce, "Hajiya, Alhaji Sulaiman Mai Kwano muke nema."

Tsohuwa ta tsayar da carbi. "Ku 'ya'yan wa? Mijina kuke nema? Bana shekararsa ashirin da shida a ƙasa."

Joy ta kalli Nafisa, Nafisa ta kalli Joy. Da ƙyar Joy ta buɗe waya ta karanta mata abin da aka ce Alhajin ya faɗa watan jiya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Alhaji ne zai ce a sauke Baballe? Shi fa ya kama hannunsa ya kai shi masallacin nan! Wane la'ananne ne ya tono min miji ya sa masa ƙarya a baki?"

Da suka karanto sunayen biyar a jere, jikar ta ajiye tire ta ce, "Kai, wannan ai katin bikin Anti Safiyyah ne." Ta shiga ɗaki ta fito da shi. Ga shi nan da ruwan zinare: iyalan marigayi Alhaji Sulaiman Mai Kwano da na marigayi Malam Ƙasimu Unguwar Gano suna farin cikin gayyatarku. A ƙasa kuma sunayen mutum uku masu karɓar baƙi. Biyar cif, a jeren da suke a jarida. Gidan nan gidan Alhaji Mu'awiya ne, Mai Kwano mahaifinsa ne, bara da ya aurar da 'yarsa ya aika wa Junaid katin ya buga masa murna. Da mutumin naku ya tashi neman dattawan Gyaɗi-Gyaɗi, ƙiwa ta hana shi taka titi, sai ya jawo kati daga durowa, ya share marigayi, ya raba musu magana.

Kada a yi mamakin yadda abin ya wuce ba a gane ba. Samarin da suka karanta har ƙasa ba su san sunayen ba, ita kanta Safara'u tana 'yar shekara goma Mai Kwano ya rasu, Baba Alhaji kawai ta san ana ce masa. Dattawan da suka san sunayen kuwa kanun labari aka nuna musu a waya, suka yi salati suka miƙa wayar. Har da Alhaji Mu'awiya.

Da aka ajiye mata katin a kan tebur, Safara'u ta yi wata dariya da ta ba 'yan matan tsoro. Ta ce, "Rana dubu ta ɓarawo." A ranar ta rubuta wa Junaid takardar gayyata: ranar Alhamis ta sama ɗalibai za su gabatar da aikinsu, makaranta tana roƙon ya zama babban baƙo mai jawabi, a kan riƙon gaskiya a aikin jarida. Kafin la'asar ya amsa, har da sharaɗin a sa masa Kwamared a gaban suna.

Sai dai Hajiya Babba ba ta bar maganar a kan darduma ba. Ta kira ɗanta ta wanke shi tas. Ranar Litinin Alhaji Mu'awiya ya aika a kira masa Safara'u, don 'yan matan sun faɗi sunan malamarsu. Ta same shi a falonsa na waje, ta zauna a ƙasa ta gaishe shi.

"'Yata," in ji shi, yana murza hula a gwiwa, "an yi kuskure, kuma ni na yi shi. Ranar Juma'a da la'asar Malam zai koma kan aikinsa, ni da kaina zan kai masa mukulli. Ba taro, ba surutu. Abu ɗaya nake roƙo. Sunan mahaifina kada ya shiga bakin duniya. In aka ji na sauke ladani da maganar ubana da ke kabari, ina zan sa kaina a garin nan? A rufa wa juna asiri."

"Shi kuma Junaid fa, Alhaji?"

"Ki bar ni da shi. Zan ja masa kunne."

Jan kunne! Wata guda ana yi wa ubanta kiɗa a bakin shago, a ƙare da jan kunne a falo, a sha lemo a watse? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya ƙara girma." Alhaji ya ɗauka an gama magana.

Ranar Laraba ta biya shago, ta tarar da wani Baban daban. Ya gyara gemu, ga kofin ruwan zafi da zuma da citta a gefen keke. Alhaji ya riga ya zo ya shaida masa.

"Uwata, kin ga haƙuri ko?" in ji shi, fuska kamar gonar auduga. "Jibi in Allah ya kai mu." Ya taka keke, a cikin ƙarar ta ji shi yana gwada murya ƙasa-ƙasa, yana gyaran maƙogwaro, yana sake gwadawa.

Ta ji tausayinsa har idonta ya kawo ruwa. Ta kuma ji wutar nan tana nan, ko ɗigo ba ta ragu ba. Da ta koma makaranta ana gwajin ƙarshe, Joy ta same ta gefe ta ce, "Malama, ko mu rufe sunan marigayi Mai Kwano da baƙi? Mutum ukun nan da inuwar sun isa su kama shi. Hajiyar nan ta karɓe mu hannu biyu."

Safara'u ta kalli katin. Gaskiya Joy ta faɗa, sun isa su kama shi. Amma kamu daban, kisa daban. Mutum uku sun musanta, gobe Junaid ya ce tsoro suka ji. Matacce kuwa ba ya jin tsoro. Sannan shi Alhajin, wa ya miƙa hannu ya karɓi mukullin? Shi sai a lulluɓe shi, ubanta ne aka ga ya dace da rana? Ta lallashi kanta da cewa in gaskiya ta fito fili kwamiti ba shi da zaɓi, dole su mayar da Baba, har da ban haƙuri. Shekara takwas tana koyar da yadda jama'a suke karɓar labari, amma ta manta abin da kowace tsohuwa a layinsu ta sani: babban mutum in ka rufa masa asiri zai ba ka riga, in ka tona shi ko gawarka ba zai bi ba.

"Ba za a rufe komai ba," in ji ta.

Alhamis da ƙarfe goma ɗakin taro ya cika, ɗalibai da iyaye da 'yan jarida biyu-uku da ta gayyato. Junaid ya iso cikin farar shadda tana ƙara, turare na riga shi shiga. Ya yi minti ashirin yana bayani cewa ɗan jarida ganau ne ba jiyau ba, alƙalami amana ne, shi bai taɓa buga abin da bai taka da ƙafarsa ya gani ba. Aka tafa masa. Safara'u ta fi kowa tafi.

Sannan aka haska bidiyo a bango. Da ya ga wanne ne, ya ɗan gyara zama. Aka nuna inuwar hantsi da ta yamma, ya yi murmushi ya ce wannan ai laifin masu waƙa ne, shi ra'ayin jama'a ya buga. Nan Joy ta miƙe da takarda a hannu, cikin ladabi kamar ba ita ba.

"Ranka ya daɗe, muna so mu koyi yadda ake tattaro ra'ayin jama'a. Kamar Alhaji Sulaiman Mai Kwano, a ina ka same shi?"

"A ƙofar gidansa, ni da kaina," in ji Junaid. "Dattijo ne mai kamala. Har shayi ya sa aka kawo min."

Nafisa ta danna. Katin biki ya cika bango, marigayi na farko da marigayi na biyu an zagaye su da ja, ga sunayen jarida a gefe, layi da layi. Kowa ya bi sunayen da ido. Can baya wani ya ce, "Tabɗijam! Shayin da madara ko baƙi?" Sai dariya ta ɓarke kamar rufi zai faɗo, wayoyi duk sun tashi sama.

Safara'u ta bari suka yi mai isarsu, sannan ta miƙe ta karɓi makirfo. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kwamared, sunana Safara'u Isma'il. Isma'ilun nan shi ne Malam Baballe, wanda ka ce ya cashe. Ka samu lokacin zuwa lahira jin ra'ayi, ba ka samu lokacin tsallaka titi ka tambaye shi ba. Ga makirfo, mu a nan ba ma hana kowa baki."

Ta miƙa masa. Ya kalli makirfo, ya kalli ƙofa. Gumi ya jiƙa wuyan shaddar. Ya buɗe baki ya ce, "A gaskiya... wato wakilinmu ne..." Aka sake fashewa, don kowa ya san shi ne edita, shi ne wakili, shi ne mai shara. Ya tattare riga ya ratsa tsakanin kujeru ya fice. Daɗin da Safara'u ta ji a wannan lokaci, ko ranar aurenta ba ta ji irinsa ba, kuma ba ta taɓa musun haka ba.

Kafin la'asar abin ya zaga Kano. Aka raɗa masa Junaid mai hira da matattu, sunan ya bi shi har yau. Ra'ayin jama'a da yake ƙirƙira, ya same shi na gaske a ƙarƙashin shafinsa, ɗaruruwa. Wannan ya ce in ya koma ya gaishe masa da kakarsa. Wancan ya ce don Allah ya tambayo masa babansu inda ya ajiye takardar gona. Masu lemo suka janye tallansu ba ko sallama, ba a yi wata biyu ba shafin ya mutu murus. Amma bakin duniya ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Katin da ya kashe Junaid sunan gidan Mai Kwano ne a jikinsa. A kasuwa abokan wasan Alhaji Mu'awiya suka tare shi, "Alhaji, Baba ya sake aiko da wani umarnin?"

Shekara uku ke nan. Nura ne yake kiran salla har yanzu. Kwamiti ya ce magana ta zama rigima, a bari ta lafa, kuma ba ta lafa ba. Safara'u tana nan a Tarauni, duk sabon aji da wannan darasi take buɗe musu, bidiyo da inuwa da kati, kuma duk shekara sai an yi dariyar shayi. A ranar Alhamis take tsayar da labarin. Abin da ya faru washegari ba ta taɓa ba ɗalibai ba.

Ta je shagon ne bayan an fito la'asar, waya a hannu, zuciya fal. Ta tarar da shi yana fama da zare da allura. A kan idonta Alhaji Mu'awiya ya fito daga masallaci, ya bi ta gaban shagon, ya wuce ba ko sallama.

"Baba, ka ga yadda gari ya wanke ka? Kowa ya san ba ka yi rawa ba."

"Na ji, Uwata. Tun safe ake zuwa yi min murna."

"Za su kawo mukullin, Baba. Dole su kawo."

"Ba za su kawo ba. Na san Mu'awiya tun yana yawo ba wando." Ya lashi bakin zare ya sake gwadawa. "An ce ya kira ki ya roƙe ki."

"Ya roƙe ni."

"Kuma kin san saura kwana ɗaya."

Ta so ta ce don shi ta yi. Maganar ta zo har baki, ta ga ba za ta iya yi masa ƙarya ba. Ta ce, "Na sani."

Ya jinjina kai, ba faɗa, ba ɓacin fuska, wanda da ya yi da ta fi samun sauƙi.

"Ni dama na san ban yi rawa ba, Allah ma ya sani. Kiran sallar nake so, Uwata. Shi kaɗai." Ya miƙo mata allurar da zaren. "Zura min wannan, idona ba ya gani."